Ƙwaƙwalwar Injin Sienna da Sharan: A Gyara, a Sayi 'Yar Baljiyam, ko a Nemi Sabuwa?

A tashoshin mota na Birnin Kebbi, Argungu, Jega da Yauri, Toyota Sienna da Volkswagen Sharan na cikin motocin da suka fi ɗaukar fasinjojin dogon zango, kuma da yawansu sun ba shekara goma sha biyar baya. Da zarar irin wannan mota ta ƙi tashi, ko ta riƙa mutuwa a tsakiyar hanya ba gaira ba dalili, abin da mai ita ya fi saurin ji a gareji shi ne ƙwaƙwalwa ta ƙone. Ƙwaƙwalwar injin ƙaramin akwati ne na lantarki da ke karɓar saƙo daga sansoshi, wato ƙananan na'urorin da ke auna yanayin injin, ya lissafa yawan man da nozul za ta fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Tana lalacewa, amma tana cikin kayan motar da suka fi ƙarko, kuma sau da yawa laifin waya ko fiyus ake ɗora mata. Don haka, kafin a yi cinikin kowace irin ƙwaƙwalwa, kuɗin farko da ya kamata mai mota ya fitar shi ne ladan mai wayarin da ya iya gwaji.

Gwajin yana farawa ne daga batir. Lafiyayyen batir yana nuna kimanin folt 12.6 idan mota tana kashe, idan kuma injin yana aiki altaneta za ta kai shi tsakanin 13.5 da 14.5. Wutar da ta yi ƙasa da haka sosai, ko ta zarce, tana rikita ƙwaƙwalwa ko da lafiyarta lau. Daga nan sai fiyus, da rile mai ba ta wuta, da wayoyin at, wato masu mayar da wuta zuwa batir, da ake ɗaure wa a jikin injin, waɗanda tsatsa ke ci ko a manta a mayar da su bayan an sauke injin. Idan aka murɗa makulli ba a tayar ba, fitilar injin ta dashbod dole ta kama. In ba ta kama ba, ko dai wuta ba ta isa ƙwaƙwalwar, ko kuwa wani ya cire ƙwan fitilar tun lokacin da za a sayar da motar, abin da ba sabo ba ne a kasuwarmu.

Sai a jona na'urar bincike. Dokar Amurka ta wajabta soket mai huda 16 na OBD-II, wato tsarin binciken matsalar mota, tun daga motocin 1996, kuma Sienna ta fara fitowa ne a matsayin ƙirar 1998, saboda haka kowace Sienna tana da shi. A Turai sai 2001 aka wajabta makamancinsa a motocin fetur, shi ya sa tsohuwar Sharan kan buƙaci na'urar da ke jin yaren Volkswagen. Lambar da na'ura ta fitar manuniya ce kawai. P0335 tana nuni ga sansar kiranshaf ko wayarta, P0300 tana cewa wasu silinda ba sa ƙona mai daidai, kuma babu ɗayansu da ke nufin a sayi ƙwaƙwalwa. P0601 da P0606 su ne ke magana a kan cikin akwatin kansa, amma ko su sai an tabbatar wuta da at suna isa gare shi yadda ya kamata kafin a yanke hukunci.

Akwai abubuwa biyu da suka fi yaudarar masu gyara. Ƙwaƙwalwa tana aika folt 5 zuwa sansoshi da dama ta layi ɗaya, to idan sansa guda ta haɗe waya daga ciki sai ta janye wutar duka, motar ta yi tsit kamar akwatin ya mutu. Mai wayarin da ya san aikinsa zai riƙa zare sansoshin ɗaya bayan ɗaya yana kallon mita, har wutar ta dawo. Na biyu shi ne makullin tsaro. Sharan da ta tashi ta mutu cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, galibi ƙwayar da ke cikin makulli ce motar ba ta gane ba.

Idan duk wannan ya wuce kuma laifin ya tabbata a kan ƙwaƙwalwar, tambayar da ta rage ita ce me ya kashe ta, domin abin da ya ƙona ta farko zai ƙona ta biyu. Koyil, mai ba fulogi wuta, idan ya haɗe yana iya ƙona layin da ke tura shi. Ruwan damina da ke bin ƙasan gilashin gaba ko na ƙetare fadama yana shiga soket ya bar kore a kan fil. Walda a jikin mota ba tare da an cire batir ba, da juya kan waya wajen jona batir biyu, suna iya kashe ta nan take. Akwai kuma al'adar zare kan batir injin yana aiki don a ga ko altaneta tana caji, wadda ya kamata kowane mai mota ya hana a yi wa tasa, domin wutar da ke tsalle a wannan lokacin kai tsaye take shiga kayan lantarki.

Zaɓin da na fi fifitawa shi ne gyara ta jikin motar, matuƙar ɓarnar tana da iyaka. Ƙananan kafasita da suka zubar da ruwansu, matsalar da aka sani a ƙwaƙwalwar Denso ta shekarun 1990, da dalma da zafi da girgiza suka tsattsage, da taransista guda da ta ƙone, duk abubuwa ne da gwanin lantarki ke canzawa. Babbar fa'idar ita ce akwatin ya riga ya san injin da giya da makullin wannan motar, babu wani saiti da za a sake. Amma idan allon ya babbake, ko ruwa ya daɗe a ciki ya ci layukan tagulla, ko babbar ƙwayar lissafi ce ta mutu, gyaran ɓata kuɗi ne, motar za ta yi mako ɗaya ko biyu ta sake tsayawa, wataƙila da fasinja cike a tsakanin Koko da Yauri. Mai mota ya nemi a buɗe akwatin a gabansa, a nuna masa abin da ya lalace.

'Yar Baljiyam, wato wadda aka ciro daga motar da aka farfasa a waje, ita mafi yawan mutane ke saye, ko dai a wajen masu kayan gyara na cikin gari ko a yi saƙo daga Ƙofar Ruwa a Kano, Fanteka a Kaduna ko Ladipo a Legas. A nan ne ake tafka asara mafi yawa, saboda ana saye da ido. Akwatuna biyu na iya zama iri ɗaya a gani, soket ɗinsu ya shiga daidai, amma lissafin cikinsu ya bambanta. Sienna ta 1998 zuwa 2003 injin 1MZ-FE mai lita 3.0 gare ta, ta 2004 zuwa 2006 tana da 3MZ-FE mai lita 3.3, daga 2007 kuma aka koma 2GR-FE mai lita 3.5. Daga ƙirar 2004, ko a shekara ɗaya akwai mai jan ƙafa biyu da mai jan huɗu, kuma da yake akwatin guda ne ke kula da injin da giya, wanda bai dace ba kan sa giya ta riƙa fizga ko motar ta riƙa shan mai da yawa. Sharan ta fi haka rikitarwa, don an yi ta da injina iri-iri na fetur da na dizal, kuma ta farko gida ɗaya suka fito da Ford Galaxy da SEAT Alhambra a Fotugal, abin da ke sa masu shago cewa duk ɗaya ne. Abin dogaro shi ne lambar da ke kan takardar jikin akwatin. Ta Toyota takan fara da 89661, ta Volkswagen kuma tana da 906 a tsakiya da haruffa a ƙarshe, kuma waɗannan haruffan ma sai sun dace. A ɗauki hoton takardar a tura wa mai sayarwa, shi ma ya turo hoton tasa kafin a tura ko kwabo. Idan motar mai makullin tsaro ce, a yi maganar saiti tun wajen ciniki: ko a sayi akwatin tare da makullinsa da na'urar da ke karanta shi, ko a san wanda zai haɗa shi da tsohon makullin da abin da zai karɓa. Akwatin da aka ga alamar an taɓa ɓalle murfinsa, ko fil ɗinsa ya yi kore, a bar wa mai shi abinsa.

Sabuwa daga kamfani ita ce ta fi kwanciyar hankali, sai dai na tsofaffin ƙira samunsu yana da wuya, kuma kuɗinsu kan yi wa motar da ta tsufa nauyi. Wadda kamfanonin waje ke sabuntawa su sayar da garanti tana da kyau, amma mayar da ita daga Kebbi idan ta ba da matsala aiki ne ja. Shawarar cire tsarin tsaro gaba ɗaya, ko dasa ƙwaƙwalwar wata mota a yanyanka wayoyi, ba na goyon bayanta, domin tana sauƙaƙa wa ɓarawo, kuma duk mai wayarin da zai taɓa motar nan gaba lalube zai yi.

Kowace aka zaɓa, a yi yarjejeniya a gaban shaida cewa za a mayar idan ba ta yi ba, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin. A cire batir kafin a jona ta, a goge tsofaffin lambobi, a bar injin ya ɗauki zafi sosai, sannan a hau titi da ita kamar daga Birnin Kebbi zuwa Jega da dawowa, a lura da yadda giya ke canzawa. Bayan an dawo a sake jona na'urar, in babu lambar da ta dawo sai a cika wa mai kaya kuɗinsa.