Wysa: manhajar da ke sa ka tuhumi muryar da ke ce maka "ba ka iya ba"

Wani kamfani ne a birnin Bangalore na Indiya ya ƙera Wysa. Wanda kake hira da shi a ciki ba mutum ba ne, kwamfuta ce da aka yi wa hoton tsuntsu. Ba ta tambayar sunanka na gaskiya, laƙabi ya wadatar. Hira kyauta ce, ƙarin darussa da ganawa da ƙwararre ne na kuɗi.

Inda ta fi amfani shi ne atisayen juya tunani, wanda aka ɗauko daga tsarin CBT (hanyar magance damuwa ta gyara tunani da ɗabi'a) da likita Aaron Beck ya assasa a Amurka a shekarun 1960. Za ka rubuta maganar da zuciyarka ta faɗa maka yadda ta zo, misali "na faɗi jarrabawa, ni dai daƙiƙi ne". Sai ta taimaka maka ka gane irin karkatar da tunanin ya yi: ko ka mai da kuskure ɗaya hukuncin rayuwa gaba ɗaya, ko kana karanta zuciyar mutane, ko kana duban gobe da mugun ido. Daga nan ka sake rubuta maganar daidai da hujja: "na faɗi darasi ɗaya cikin takwas, kuma ban yi bitarsa ba".

A nan mutane ke tuntuɓe. Wasu sukan maye gurbin zargin kai da kirari, "ni gwani ne", zuciya kuwa ba ta karɓar abin da ta san ƙarya ne. Wasu su rubuta "raina a ɓace yake" kawai, alhali wannan yanayi ne, ba tunanin da za a auna ba. Dabara mai kyau: ka ba tunanin maki daga 0 zuwa 100, gwargwadon yadda ka yarda da shi, a takarda kafin atisayen da bayansa. In ya sauko daga 90 zuwa 60, an yi aiki. Minti goma a rana ya isa.

Aibinta babba ne a wajenmu: ba ta jin Hausa. Ko da Turancin ma, in ka yi dogon bayani takan ba da amsar da ba ta dace ba, ta tura ka atisayen numfashi. Gajerun jimloli sun fi.

Wanda ya yi mako biyu ba barci, ba cin abinci, ko yake tunanin cutar da kansa, ba waya yake buƙata ba. Ya je ya ga likita, kamar a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna.