TGCat: wurin da za ka ga iskar baƙin rami da idonka, kuma kyauta

Masu karatun fiziks da ilimin taurari, musamman 'yan shekarar ƙarshe da masu digiri na biyu da ke neman abin yin bincike kuma ba su da kwamfuta mai ƙarfi, ina so ku san TGCat. Ma'ajiya ce ta intanet da masana a MIT ta Amurka suka haɗa, ta tara bakan hasken eksire (wato hasken da aka rarraba gwargwadon ƙarfinsa, kamar launukan bakan gizo) da tauraron ɗan adam Chandra ya ɗauko tun da aka harba shi a watan Yulin 1999, an riga an sarrafa shi an jera, ba rajista ba biyan ko sisi. Ni dai abin da ya kai ni can shi ne taurarin nan biyu-biyu masu fitar da eksire, wato inda baƙin rami ko tauraron niyutiron yake zuƙe gas daga jikin tauraron da suke zagaya juna, gas ɗin ya yi faifai yana juyawa yana zafi har miliyoyin digiri.

To ba duka gas ɗin ke faɗawa ciki ba, wani yana tashi daga saman faifan ya fice kamar iska, kuma saboda tsananin hasken da ke dukansa atom ɗinsa sun zubar da kusan duk elektiron ɗinsu. Baƙin ƙarfe mai elektiron 26 sai ka same shi da saura biyu ko ɗaya tak. Idan wannan gas ya gifta tsakaninmu da tushen hasken sai ya haɗiye haske a wasu wurare takamaimai, a bakan sai ka ga ramuka sirara da ake kira layuka, na ƙarfe mai elektiron biyu a wajen 6.7 keV (ma'aunin ƙarfin hasken ne), mai ɗaya kuma wajen 6.97 keV. In ramin ya ɗan gusa zuwa ɓangaren ƙarfi mafi girma to gas ɗin yana tahowa wajenmu ne, daga nan ake lissafa gudunsa. Duk wannan a littafi muke karantawa, amma ganinsa a ainihin bayanan da na'ura ta ɗauko wani abu ne daban wallahi.

Nan ne TGCat ta burge ni. Ka rubuta sunan tauraro kawai, ko lambar kallon da aka yi masa, ta fito maka da jerin duk lokutan da Chandra ya kalle shi, ka danna ɗaya ka ga zanen bakan nan take a burauza, kana iya canza ma'auni daga angistirom zuwa keV, ka matso da wurin da kake so, ka haɗa maki don rage hayaniya, duk ba ka girka komai a kwamfutarka ba. Ga wanda yake lissafin datarsa megabait-megabait wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin sai ka tabbatar akwai abin da kake nema kafin ka sauke fayil ɗin. Kuma in ka tashi saukewa suna ba ka bakan tare da fayilolin da ke bayyana yadda na'urar ke amsa haske, sai ka zuba su cikin manhajar nazarin bakan haske irin XSPEC ko ISIS ka ci gaba da aiki.

Shawarata ku fara da baƙin ramin GRO J1655-40, kallon da aka yi masa ranar 1 ga Afrilun 2005 lokacin da ya yi bore, wato haskensa ya ƙaru ƙwarai na ɗan lokaci. Layukan sun yi yawa har sai ka rasa ta ina za ka fara, ga ƙarfe ga silikon ga magniziyam ga salfa ga kalsiyam, gommai ne. A kan wannan kallon ne Jon Miller da abokan aikinsa suka rubuta a mujallar Nature a 2006 cewa ƙarfin maganaɗisu ne ke tura iskar, wasu masana kuma suka ce a'a, zafi da matsin haske ma za su iya in har tushen ya fi yadda muke gani haske, gas ne ya rufe shi. Har yau ana jan wannan magana, kuma daɗin abin shi ne bayanan da suke gardama a kai suna gabanka kai ma. Bayan shi sai baƙin ramin GRS 1915+105, wanda Neilsen da Lee suka nuna a 2009 cewa idan iskar ta yi ƙarfi to jet ɗinsa, wato siririn feshin da yake harbawa da matsanancin gudu, yakan lafa.

Amma fa kar mutum ya ɗauki abin da aka sarrafa masa ya kai wa malaminsa a matsayin sakamako. Waɗannan taurarin suna da haske sosai, fotan, wato ƙwayoyin haske, biyu ko uku sukan faɗa wuri ɗaya a lokaci ɗaya na'ura ta ƙirga su ɗaya, bakan ya lanƙwashe, kuma da yawansu an ɗauke su ne da salon karatu mai sauri da ke buƙatar kulawa ta musamman. Don aikin da za a wallafa dole ka koma CIAO, manhajar sarrafa bayanan Chandra, ka sake sarrafa ɗanyen bayanan da hannunka. Fuskar ma'ajiyar ma ta tsufa, wanda bai san kalmomin fannin ba zai ɗan yi lalube, komai kuma da Turanci ne.

Sai maganar XRISM, tauraron ɗan adam na Japan mai kallon eksire da aka harba a Satumban 2023. A yankin layukan ƙarfe na'urarsa Resolve tana rarrabe layukan da tazararsu ta kai kamar 5 eV (eV dubu ne keV ɗaya), shi kuwa Chandra wajen 30 eV, don haka a nan kam an wuce shi, abin da ya fito a kan tauraron niyutiron GX 13+1 ya nuna hakan. Sai dai murfin gaban Resolve bai buɗe ba, ƙasa da kamar 2 keV ba ya gani, kuma can ne layukan magniziyam da niyon suke. Ga kuma tarihin fiye da shekara 20 na kallo da TGCat ta tara, wanda yake son kwatanta yadda iskar tauraro ɗaya ke bayyana ta ɓace tsakanin bore da bore nan zai samu. Ni na ba TGCat maki huɗu cikin biyar.