Titin Afiya ko Katangar Hadiriyan: wanne ya fi dacewa da mai keke?

Titin Afiya, wanda Rumawa suka fara shimfiɗawa a shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa, ya taso daga Rum zuwa Birindisi a kudancin Italiya, tafiyar fiye da kilomita 500. A bakin Rum, kan ainihin duwatsun Rumawa za ka bi, kaburbura dama da hagu. Sai dai baƙaƙen duwatsun nan ba sa raga wa keke. Siririyar taya takan faɗa tsakaninsu, bakin gargare ya tsinke tub, jijjiga kuma ta kwance kusoshin kariyar ɗora kaya. Sa taya mai faɗin milimita 40, ka rage iska kaɗan, ka ɗaure kusoshi kowace safiya. In an yi ruwa dutsen santsi yake, gara ka sauka ka tura. Ranar Lahadi ta fi, don ana taƙaita motoci. Can gaba, yawancin titin ya koma kwalta mai cunkoso, ga zafin Yuli da Agusta.

Katangar Hadiriyan a arewacin Ingila, wadda Rumawa suka fara ginawa a shekara ta 122 bayan haihuwar Annabi Isa, zamanin sarkinsu Hadiriyan, tsawonta kilomita 117 ne. Hanyar keke mai lamba 72 tana da alamomi, galibi kwalta ce. Taso daga yamma, iska ta riƙa tura ka. Amma ba a hawa keke a turbar jikin katangar. A Housesteads, tsohon sansanin sojojin Rumawa a jikin katangar, dole ka kulle keken ka hau tudu da ƙafa, don haka riƙe kwaɗo, da rigar ruwa ko da za a yi ruwa.

Mai kaya da nauyi, Ingila ta fi masa sauƙi. Wanda burinsa tayarsa ta taka dutsen Rumawa, sai Italiya.