Faifan Verdi na Ludovic Tézier: jinkirin da ya yi rana

Sai da Ludovic Tézier, Bafaranshe mawaƙin opera (wasan kwaikwayo da ake yi cikin waƙa), ya haura shekara 50 kafin ya fitar da faifai nasa na kansa. An haife shi a Marseille a 1968, faifan kuma, mai suna Verdi, ya fito a 2021 daga kamfanin Sony Classical, da makaɗan gidan opera na Bologna a ƙarƙashin jagorancin Frédéric Chaslin. Na sauke shi a waya, na yi ta saurare har wasu waƙoƙin suka zauna mini a ka, kuma a ganina da ya yi gaggawar fitar da shi tun yana ɗan shekara 35, da bai yi rabin wannan armashi ba.

Dalili kuwa yana cikin irin rawar da Giuseppe Verdi, Ba'italiyen da ya tsara kiɗan waɗannan wasanni, ya rubuta wa bariton, wato muryar namiji da ke tsakanin siririya mai hawa sama da kakkaura ta can ƙasa. A wasannin opera mai siririyar murya shi ne saurayin da ake so. Bariton shi ake bar wa uba, da miji mai kishi, da sarkin da mulki ya gajiyar, da mugu. Yaro ba ya iya ɗaukar waɗannan. Tézier bai yi azarɓaɓi ba: ya fara a rukunin mawaƙan gidan opera na Lucerne, ya koma Lyon, ya daɗe yana rera waƙoƙin Mozart da Donizetti, ya samu kyauta a gasar Operalia ta 1998, sannan a hankali ya shiga manyan rawar Verdi bayan muryar ta nuna.

Abin da ya fara kama ni numfashinsa ne. Akwai waƙar Germont daga La traviata, inda dattijo yake lallashin ɗansa ya rabu da Paris ya koma gida Provence. Baiti ne masu maimaita kansu, mawaƙa da yawa kan sa mutum hamma a nan. Tézier yana jan layi guda tun daga farko har ƙarshe ba ka ji inda ya ɗinke shi ba, kuma idan zai sauke murya ba ya yanke ta, sassauta ta yake yi har ta ƙare da kanta. Shi ma ɗin ɗan Provence ne, tunda Marseille a can take, amma ba zan ce wannan ne sirrin ba. Horo ne kawai.

Inda na fi daɗewa shi ne mutuwar Rodrigue a Don Carlos. Verdi ya rubuta wannan wasa da Faransanci ne, aka fara nuna shi a Paris a 1867, daga baya aka mayar da shi Italiyanci. Faifan ya kawo waƙar a harsunan biyu, kuma wannan dabara ta burge ni. Rodrigue ya je kurkuku wurin amininsa, ɗan sarkin Sifaniya, bayan ya ɗora wa kansa laifin da ake tuhumar aminin da shi. Ana cikin sallama aka harbe shi, ya ƙarasa maganarsa yana roƙon a ceci mutanen Flandre. A ta Italiyancin murya ta fi buɗewa, ta fi cika kunne. A ta Faransancin kuwa kowace kalma tana fita tar, 'yan uwanmu na Maradi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci za su bi maganar ba tare da takarda a hannu ba, abin da ba kasafai ake samu a opera ba. Tézier ya taka wannan rawa a Paris a 2017 tare da Jonas Kaufmann, mawaƙi Bajamushe mai siririyar murya, kuma ana jin cewa mutumin ya san Rodrigue ciki da bai. Ba ya kuka, ba ya shessheƙa irin ta neman tafi. Mutum ne mai daraja da ya riga ya yanke shawara.

To amma wannan nutsuwar ita ce kuma iyakarsa. A Rigoletto, wawan sarki ne mai doro ya iske fadawa sun sace masa 'ya. Da farko ya hau su da zagi, da ya ga ba ci sai ya karaya ya koma roƙo. Sashen roƙon ya yi kyau matuƙa, muryar na tafiya tare da kukan babbar gogen da ke raka ta har tsigar jiki ta tashi. Sashen zagin ne bai ishe ni ba. Ina son in ji mutumin da hankalinsa ya gushe, sai na ji basarake yana faɗa cikin kamun kai. Haka ma Iago na Otello, wanda yake bayyana cewa mugunta ce aƙidarsa: an rera shi ba kuskure, sai dai murya mai kyau irin wannan tana wanke mugu fiye da kima. Renato na Un ballo in maschera ya fi dacewa da shi, don shi mutumin kirki ne da zargin cin amana ya juya wa rai, kuma inda sarewa ta shigo yana tuna zamanin da yake zaune lafiya da matarsa, nan Tézier ba shi da na biyu a mawaƙan da na saurara.

Shawara biyu ga mai niyyar nema. Kada a saurare shi a mota ko inda janareta ke ruri, domin tazarar da ke tsakanin ƙarfi da raɗa tana da yawa, wuraren da suka fi daɗi su ne za su ɓace. Sannan waƙoƙin an tsinto su ne daga wasanni daban-daban, daga Nabucco na 1842 har Falstaff na 1893, manhajar da nake amfani da ita kuma ba ta kawo kalmomin ba. Sai da na nemi taƙaitaccen labarin kowane wasa kafin na fahimci dalilin da ya sa Ford na wasan Falstaff yake ta kumfar baki a kan matarsa.

Wanda yake son jin sa yana musayar magana da wani, akwai Insieme na 2022, shi da Kaufmann, Antonio Pappano na jagorantar makaɗa. A can ya fi zafi, da alama abokin karawa yana tsokano shi. Abin da nake jira yanzu faifai ne na wasannin ƙasarsu, Faransa. Ya rera Hamlet na Ambroise Thomas a Paris a 2023, ya kuma taka rawar Albert a Werther na Massenet a 2010, amma a wannan faifai waƙar Rodrigue ce kaɗai da Faransanci, ita ma ɗin Ba'italiye ne ya rubuta kiɗanta.