GeneNetwork a Idon Mai Binciken Gadon Jarabar Taba

Duk wanda ya ɗauki binciken jarabar taba a matsayin sana'a, abin da ke fara tare masa hanya shi ne tsadar kiwon ɓeraye da shekarun da ake ɗauka kafin a tara bayanai masu ma'ana. A nan ne na ga amfanin GeneNetwork, shafin intanet na kyauta mai tattare da bayanan ƙwayoyin gado da sakamakon gwaje-gwajen ɓeraye, da cibiyar kimiyyar lafiya ta Jami'ar Tennessee ke gudanarwa a birnin Memphis na Amurka, wanda Robert Williams da abokan aikinsa suka faro a 2001 da sunan WebQTL.

Ƙashin bayan shafin shi ne zuriyar ɓeraye da ake kira BXD, waɗanda aka samo daga haɗa jinsi biyu, wato C57BL/6J da DBA/2J, aikin da Benjamin Taylor ya fara a cibiyar bincike ta Jackson da ke Amurka tun farkon shekarun 1970. Jinsin farko yana shan barasa da son ransa, na biyun kuwa gudunta yake yi. Zuriyar BXD ta kasu rassa da yawa, kuma da yake ɓerayen kowane reshe gadonsu kusan ɗaya ne, gwajin da wani ya yi shekaru ashirin da suka wuce ana iya jera shi da na bana, kuma wannan ne ya fi burge ni. Ɗalibin da bai mallaki keji ko ɗaya ba yana iya rubuta Chrna5 a shafin, wato ƙwayar gadon da binciken 2008 ya danganta da yawan shan sigari a mutane, ya ga yadda aikinta ke bambanta a sassan ƙwaƙwalwa daga reshe zuwa reshe, sannan ya gwada hakan da ɗabi'un da aka auna.

Sai dai shafin yana buƙatar mai ilimin ƙididdiga, domin abubuwa biyu na iya tafiya tare ba tare da ɗayan ya haddasa ɗayan ba. Sai da Paul Kenny da tawagarsa suka yi gwaji a 2011 da ɓerayen da aka cire wa wannan ƙwaya aka ga cewa suna ci gaba da ɗibar nikotin (sinadarin taba mai sa jaraba) mai yawan da sauran ke ƙyama. Ɓera kuma ba ya kunna sigari, don haka ni dai ina ba sabon mai bincike shawarar ya fitar da hasashensa daga shafin, ya nemi ɗakin gwajin da zai tabbatar masa da shi.