Suzuki LJ50 ko Trabant 601? Ɗauki Suzukin, Malam

Wa alaikumus salam, Malam. Tunda ka ce an nuna maka tsofaffin motoci guda biyu, Suzuki LJ50 da Trabant 601, kuma kuɗin ɗaya ne a hannunka, ba zan ja ka da nisa ba: ɗauki Suzukin. Duka biyun sun kwana a gidana. Suzukin tana nan har gobe, shekara tara ke nan muna tare. Ɗayar kuwa ko shekara ba ta cika ba na rabu da ita da asara.

Duka motocin biyu injinsu mai bugu biyu ne, kuma duk wanda ya tashi a garin nan na Kano ya san wannan injin ko da bai san sunansa ba. Shi ne a Vespar iyayenmu, shi ne a Jincheng ɗin 'yan acaɓa kafin a hana su ɗaukar fasinja a watan Janairun 2013, shi ne a ɗan janareto Tiger da ke ƙara a ƙofar shago. Duk hawa da saukar fistin sau ɗaya wuta na tashi, kuma babu kwanon baƙin mai a ƙasan injin. Man da zai shafe karanshaf da boris da fistin sai ya bi ta ciki ya ƙone tare da fetur, shi ne shuɗin hayaƙin nan da kake gani a salansa. Saboda haka ran injin yana rataye ne a kan abu biyu: mai ya isa inda ake bukatarsa, zafi kuma ya samu hanyar fita. A nan ne motocin nan biyu suka raba hanya, kuma a garin da rana ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ba ƙaramar rabuwa ba ce.

LJ50 ƙaramar jif ce da ta fito a 1975. Injinta silinda uku ne, cc 539, kuma da ruwa yake hucewa, akwai lagireto kamar kowace mota. Sannan ba ka gauraya mai da fetur a tanki. Tana da tankinta na mai daban, da ɗan famfo da injin ke juyawa, wanda ke tura man kai tsaye zuwa boris ɗin karanshaf da cikin silinda gwargwadon yadda ka taka totur. Suzuki na kiran tsarin CCI, kuma irinsa ne a tsofaffin baburansu, shi ya sa dattijon da ya yi shekaru yana gyaran babura a Fagge, yana leƙa ƙarƙashin bonet zai gane abin da yake kallo. Aikinka kawai ka riƙa duba wannan tankin duk safiya, ka cika shi da man 2T mai kyau.

Tawa a hannun wani tsohon malamin gona na same ta, ta yi shekaru a gindin darbejiya a tsakar gidansa, tamfol ɗin rufinta ya ci rana har ya yi fari. Ranar da na je ɗauka sai ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin madara cike da fulogai, da wani littafi irin na 'yan makaranta da ya rubuta duk ranar da ya ƙara mata mai da yawan abin da ya zuba. Ya ce in ci gaba daga inda ya tsaya. Har yau a cikin littafin nake rubutawa.

Amma abin da ya sa ba zan taɓa sayar da ita ba daban ne. Wata damina, cikin Agusta, mahaifina ya matsa sai an kai shi ya ga gonarsa ta bayan Dawakin Tofa. Lokacin ya daɗe yana jinya, magana ma ta yi masa wuya. An kwana ana ruwa, burtalin da ke shiga gonar ya zama kwata, har mun iske wata babbar a-kori-kura ta juya. Na tsaya, na ja ƙaramin sandan nan da ke haɗa tayoyi huɗun, na sa ta a giyar taɓo. Motar ba ta da nauyi, tayoyinta sirara ne dogaye, sai ta riƙa takawa a hankali kamar jaki ya san hanyar gida, ruwa na dukan ƙasanta, injin na wannan kukan nasa mai kaifi. Da muka haura tudu na kai hannu zan kashe, sai Baba ya dafa min hannu, ya ce in bar ta tana yi. Wai ƙarar da ƙanshin hayaƙin sun tuna masa Vesparsa da yake hawa zuwa Kantin Kwari muna yara. Ya zauna, ƙofa a buɗe, yana kallon dawarsa da ta fara fitar da kai, yana ba ni labarin mutanen da suka yi kasuwa tare, ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Rabon da in ji ya yi doguwar magana haka an fi wata shida. Shekarar da ta biyo baya Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa da rahama, ya jiƙan naku.

A cikin gari ma ba ta ba ni kunya ba. Faɗinta bai kai mita ɗaya da rabi ba, don haka lungun da adaidaita sahu zai shiga a Yakasai ko Mandawari, ita ma za ta shiga. In ruwan sama ya kwanta a titi ƙananan motoci suka tsaya ana turawa, ita wucewa take yi. Jikinta ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe a kan shasi, duk inda ya lotse ko ya yi tsatsa, mai walda zai yanke ya sa wani kafin la'asar.

Ba zan ɓoye maka aibinta ba. Ba ta gudu. Ni ba na wuce 70 da ita, kuma ba na ba ka shawarar ka hau titin Zariya da ita kana gogayya da tireloli. Sifirin ɗinta na ganye ne, duk ramin da ta faɗa sai ƙugunka ya shaida. Birkinta irin na da ne mai ganga a duk tayoyin, sai ka bar tazara. Tana shan fetur fiye da yadda girmanta zai sa ka zata, kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya san abin da hakan ke nufi. In ta daɗe a gosulo fulogi kan jiƙe da mai, shi ya sa akwai guda uku da sifana a ƙarƙashin kujerata kullum. Lokaci-lokaci kuma sai an kwance salansa an ƙone dattin da ya toshe ta, in ba haka ba za ka ji ƙarfinta na raguwa ka ɗauka injin ne ya gaji. Fistin da ringi ba za ka same su a rataye a Ƙofar Ruwa ba, sai an yi oda daga waje. Amma abin da ya shafi tiyo, fambel, batir, wayoyi da boris ɗin taya, in ka tafi da tsohon a hannu, da wuya ka dawo ba ka samu wanda ya hau ba.

Trabant kuwa, to. Gaskiyarta ɗaya zan ba ta: injinta ba shi da wuyar fahimta, kuma duk inda ka ajiye ta sai an taru. Tarihinta ne ya ja ni. Motar Jamus ta Gabas ce, a garin Zwickau aka riƙa ƙera 601 daga 1964 har 1990, mutane na jiran shekara goma ko fiye kafin layi ya zo kansu, kuma ita duniya ta gani tana tsallakawa Yamma da katangar Berlin ta faɗi a Nuwamban 1989. Sai dai tarihi ba ya huce inji. Silinda biyu ne, bai cika cc 600 ba, ƙarfin doki 26, kuma iska ce kaɗai ke sanyaya shi, ta hanyar fanka da fambel ɗaya ke juyawa. Nawa fambel ɗin tsoho ne, wanda ya sayar min ya goge shi ya yi ƙyalli. Wata ranar Afrilu da azahar, a cunkoson Ƙofar Mata, ya tsinke. Jar fitila ta kama a gabana amma hasken rana bai bar ni na gani ba, sai da na ji ƙauri. Kafin in samu gefen da zan tsaya fistin ya cije. Wata huɗu na yi ina jiran kaya. Ban ga laifin waɗanda suka ƙera ta ba, don ƙasarsu mai sanyi suka yi wa ita, ba bazarar Kano ba.

Kuma ita da hannunka za ka haɗa mata mai, kashi ɗaya cikin hamsin, wato tankin lita 26 yana cin rabin lita da ɗan ɗoriya. Tankin yana gaba, a ƙarƙashin bonet, sama da injin, fetur na gangarowa da kansa ba famfo, da ɗan makunni mai buɗe, rufe da rizab sak na Vespa. Duk shan mai sai ka ɗaga bonet ka auna ka zuba, masu layi a bayanka suna hon. Ka manta sau ɗaya, inji ya buga. Akwai kuma wani tarko da ba a faɗa wa sabon shiga: tunda man a cikin fetur yake, in kana gangarowa daga gadar Ƙofar Nassarawa a giya ta uku ka ɗage ƙafa daga totur, tayoyi na juya injin da sauri alhali man da ke shiga kaɗan ne. A giya ta huɗu kaɗai aka sa mata abin da ke sakin injin ya huta. Suzuki ba ta da wannan fargabar sosai, don famfonta yana juyawa muddin injin na juyawa. Jikin Trabant kuma ba ƙarfe ba ne, wani haɗi ne na ragowar auduga da ƙaro da ake kira Duroplast, an manna a kan ƙashin ƙarfe. Ba ya tsatsa, amma ƙashin da ke ƙarƙashi yana yi a ɓoye, kuma in ya tsage ba ya bugo ba ya waldo. Da adaidaita ya goge min gefe na kai ta Kwakwaci, mai gyaran jiki ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya girgiza kai, ya ce wannan ba aikin guduma ba ne.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma sai na faɗa, don a harkar tsofaffin motoci an fi cutar mai sha'awa. Da zarar dillali ya ga idonka ya faɗa, labari zai fara: ta wani Bature ce, ba a taɓa buɗe injinta ba, wani Alhaji daga Abuja zai zo da kuɗi gobe. Kada ka saurari ko ɗaya, ka ɗaga bonet ka ƙirga fulogi. LJ50 uku ne. In ka ga biyu, ƙaramar 'yar'uwarta ce da ta riga ta fitowa, mai cc 359. In ka ga huɗu, ko dai LJ80 ce wadda ta fito a 1977 da inji irin na sauran motoci, ko kuma an cire na asali an dasa na wata ƙaramar bas. Jikinsu ya yi kama ƙwarai, kuma ana sayar da wannan da sunan wancan. Inji mai bugu biyu ba shi da sandar auna baƙin mai, ba shi da filtar mai. In ka gan su, magana ta ƙare. Haka ita ma Trabant, akwai ta ƙarshe da aka yi a 1990 zuwa 1991 da injin Volkswagen, ba ita kake nema ba.

Abin da ya fi duka haɗari shi ne famfon man. Wasu in ya lalace sai su toshe shi su ce maka ai ka riƙa zuba mai a tanki kamar janareto, duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. An tsara injin ne man ya isa boris ta wannan famfon, kuma in babu shi za ta yi maka tafiya lafiya na ɗan lokaci, sannan karanshaf ya tafi, shi kuwa ya fi komai wuyar samu. Bi siraran tiyon da suka fito daga famfon ɗaya bayan ɗaya, ka ga akwai mai a cikinsu, ba iska ba. Ka leƙa tankin man ka shinshina. In baƙin man da aka juye daga wata mota ne a ciki, ka san irin riƙon da aka yi mata. Ka duba sitiyari a hagu yake tun asali ko juya shi aka yi, don mu tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, kuma juyen da aka yi da walda a ƙarƙashin bishiya rai yake ci. Lambar shasi ta dace da ta takarda harafi da harafi. Wanda kuma ya ce maka motar tana Kwatano ko tana kan ruwa, ka ba da kafin alƙalami, ka riƙe kuɗinka. Akwai dokar da ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, kuma gani ya kori ji.

Kada ka gaya wa mai motar lokacin da za ka je. Ka same ta da sassafe, ka ɗora tafin hannunka a kan injin ka ji da sanyi, sannan a tayar a gabanka, domin motar da ta daɗe a ajiye sil ɗin karanshaf ɗinta kan bushe, kuma da sanyi ne za ta tona kanta: wuyar tashi, ko totur ya riƙa hawa shi kaɗai. In Asabar ta yi maka, bayan sallar asuba zan biyo da tawa mu ajiye su gefe da gefe ka ji ƙararsu da kunnenka. Zan taho da bakanikena da abin gwada matsin silinda, kai kuma ka zo da sababbin fulogi uku da galan ɗin fetur daga gidan mai, kada mu gwada ta da wanda ya kwana a tankinta.