Jar tururuwa mai harbi: geminata ce ko invicta?

Malam, ka tambaya a zauren nan ko jar tururuwar da ka gani a hotunan tsibiran Hawai ita ce wadda ake fama da ita a Taiwan. Dangi ɗaya ne, Solenopsis, amma iri biyu ne. Ta Hawai geminata ce. Wadda ta tayar wa Taiwan hankali tun 2003 kuwa invicta ce, kuma ta tarar da geminata a can, shi ya sa rarrabe su ya zama dole.

Kada ka dogara da launi, zai yaudare ka. Ƙidayar gaɓoɓi ma ba ta raba gardama: kowacce ƙahonta, wato 'yan zaren nan biyu na kanta, gaɓa 10 ne, ƙugunta ƙulli biyu.

Kan manyan ma'aikata, wato manyan cikin tururuwan da ke yi wa gidan aiki, za ka duba. Babbar geminata ƙaton kai gare ta mai kusurwa huɗu, ya yi wa jikin yawa, da tsagi a tsakiyarsa. Muƙamuƙanta baƙaƙe ne, dakusassu, don aikinsu niƙa ƙwayar ciyawa da suke tarawa a rami kamar hatsi a rumbu. Babbar invicta kanta daidai jikinta, muƙamuƙinta da haƙora huɗu. In ƙananan ma'aikata kaɗai ka samu, aiki ya ƙaru: sai a na'urar ƙara girma za ka ga farantin saman baki, inda invicta ke da ɗan haƙori a tsakanin manyan haƙora biyu, geminata kuwa biyun kawai. Shi ya sa nake ce wa ɗalibai su tona gidan su ɗebo manya, su daina tsintar na kan hanya.

Gidan invicta tudu ne mai tsayi, ba ƙofa a samansa. Na geminata yawanci a baje yake da ƙofofi da dama. Harbin invicta kan bar farin ƙurji washegari.

Tafiyarsu ma ta bambanta. Jiragen ruwan Sifaniyawa ne suka kai geminata Manila ta Filifin daga Akapulko ta Meziko tun ƙarni na 16. Invicta 'yar Kudancin Amurka ce, ta sauka tashar Mobile ta Amurka a shekarun 1930, ta ɓulla Birisben ta Ostareliya a 2001.

In ka kama wata jar tururuwa a nan Zariya, saka manya da ƙanana a kwalbar sifirit ka kai ɗakin adana ƙwari na Cibiyar Binciken Aikin Gona (IAR) a Samaru. Hoton waya ba zai nuna wancan haƙorin ba.